Akushin Malam Lawan

Shafi na 17

Masu cewa shafin jiya ya yi gajere, ga mai tsawo. Wanda ya gaji a tsakiya ya nemi inuwa ya huta.

Inda muka tsaya: wata huɗu ke nan da na kwashe iyalina daga Soron Ɗinki muka koma Nassarawa, unguwar manya, cikin gidan gwamnati da wani Bature ya bari. Shekarar ce da kuɗin fetur ya sa kowa ya ga rigarsa ta yi masa kaɗan. Abokina Jibrin mahauci ya tare ni ya ce Malam Lawan, aminin mahaifina, wanda katanga ɗaya ta raba tsohon gidanmu da nasa, ya daina fitowa ciyayya tun da muka tashi, kuma ya rame. Ni kuwa Allah ya hore min mota da direba da gajeren tunani. Sai na ba da umarni.

*

Lahadi ce, da hantsi. Ina zaune a baranda na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ina shan shayi a wani ɗan mitsitsin kofi da ba ya wuce kurɓa uku. Haka na hango maƙwabcina yana yi, ni ma na ɗauka. Wata huɗu muna ɗaga wa juna hannu ta saman shingen furanni, har ranar ban san sunansa ba. Lambar Marsandinsa dai na haddace.

Raina fes. Buhun shinkafa 'yar waje na aika, da katan na madara, da na sukari, da garwar man gyaɗa. Har na fara gwada yadda zan sunkuyar da kai in ce "ai ba komai" idan labari ya zaga ya dawo kunnena.

Sai ga Fijo ta shigo get, bayanta a ƙasa, yadda ta fita.

Sule direba ya fito ya rufe ƙofa a hankali. Dattijo ne mutumin Gumel, ya ba ni shekara goma. Turawa uku ya tuƙa kafin ni, kuma ban ji a jikina ya taɓa yi wa ɗayansu irin kallon tausayin da yake min ba.

"Malam Sule, ya hanya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Ka kai?"

"Na kai."

"To me ya danne motar?"

"Abin da na kai."

Na ajiye kofi.

"Ya ce a gaishe ka," in ji Sule. "Ya ce ya gode. Ya ce a mayar."

"A ina ka tsaya?"

"A bakin lungu, inda mota take ƙarewa. Ka ce in danna hon a fito a taya ni ɗauka."

"Ka danna?"

"Sau uku. Ka ce in yi yadda za a san daga gidanka ne."

Ban tuna na faɗi haka ba. Wato na tuna, amma da na faɗa bai yi muni haka ba.

"Wa ya fito?"

"Wa bai fito ba, ranka ya daɗe? Masu ɗinki suka ajiye allura suka fito daga zauruka. Wanzami ya bar kai rabi a aske ya fito, mai kan ma ya biyo shi. Mutum huɗu suka ɗauki kayan, mutum arba'in suka raka."

"Sai me?"

"Wani ya tambaya ko biki za a yi a gidan. Na ce a'a, taimako ne Alhaji Maharazu ya aiko, an ce Malam ba shi da abin kaiwa baki."

"Kai ka ce haka?"

"Tambayata suka yi. Ni kuwa abin da ka gaya min na sani."

Ya ce sun daɗe a tsaye kafin Malam ya fito. Da ya fito, cikin rigarsa ta zuwa Juma'a ya fito, da rawani. Ya sa hannu ya shafa buhun, da yake idon nasa ba sosai ba, ya ce shinkafa ce mai kyau.

"Sannan ya ce in faɗa wa Alhaji an yi kuskuren gida. Nan ba su rasa komai ba."

"Alhaji ya ce?"

"Alhaji ya ce."

Mutumin da ya yi min huɗuba ina jariri. Mutumin da ya shige gaba aka je nema min aure. Ko ranar da na sauko daga jirgi da haƙorin Makka a bakina, abin da ya ce shi ne, "Maharazu, ka dawo? Rufe bakin mun gani."

Da yake mai laifi ba ya rasa wanda zai huce a kansa, na ce wa Sule ya sauke kayan a sito, kuma daga yau ya rage surutu. Ya ce to. Ya ƙara min wancan kallon kyauta.

*

Gida mai ɗaki shida da falo biyu, amma in kana neman matata Hajara sai ka zaga bayan kicin, inda ta jera duwatsu uku ta yi murhu. Ta ce tuwon da aka tuƙa a kan gas ba ya jin magana. Na same ta a tabarma tana tankaɗen garin dawa.

"Kin ji abin da tsohon nan ya yi min?"

"Wane tsoho?"

"Malam Lawan. Na aika masa da abin arziki ya dawo min da shi. A gaban jama'a. Talauci da girman kai in suka haɗu a mutum ɗaya, sai addu'a."

Rariyar ta tsaya a hannunta.

"Me ka aika?"

Na lissafa mata, ina ɗaga murya a kan shinkafar.

"A mota?"

"A'a, a jaki."

"Da rana tsaka?"

"Da sai in jira duhu kamar ɓarawo?"

"Da ka jira."

Ta ajiye rariya ta karkaɗe hannunta. Ta jawo wata 'yar kujera ta mata ta turo min.

"Alhaji, zauna."

Shekara goma sha tara da aurenmu, ba ta taɓa ce min zauna ba. Na zauna. Gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Da mutanen ofis sun leƙo, da an gama da ni.

"A wurin ciyayya, miyar wa ta fi daɗi?"

Ga 'yan zamani da suka tashi a bayan get: a cikin gari, in an idar da magariba, kowane magidanci zai fito da tuwon gidansa, a haɗu a tabarma ɗaya, a ci na wannan a koma na wancan. A lungunmu a ƙofar gidan Malam Lawan ake zama, kuma baƙin akushinsa ake fara buɗewa, don shi ne babba.

"Wannan wace irin tambaya ce ana maganar arziki?"

"Amsa dai."

"Kowa ya sani. Ta Iya Asabe, matar Malam."

"Sau nawa ka ce in je in koyi miyar kuka a wurinta?"

"Ban riƙe ba."

"Na taɓa zuwa?"

"Ba ki taɓa ba. Taurin kai."

"Wurin wa zan je? Miyata ce."

Na yi dariya. Ni kaɗai na yi ta.

"Tukunya ɗaya ce, Alhaji. In na kwashe in zuba naka, in zuba na biyu. In taka turmin nan na bayan madafi in miƙa ta kan katanga. Iya Asabe ta karɓa ta juye a akushin Malam. Ka fita ta ƙofarmu da naka, ya fito ta tasa da nasa."

"Ƙarya ne. Ai ɗanɗanon ba ɗaya ba ne."

"Ɗaya ne."

"Kina ƙara masa man shanu."

"Ko ƙwayar gishiri ba ta bambanta su ba. Naka dai na gida ne."

Na tuna daren da na dawo na tsaya a tsakar gida na yi mata lacca a kan daddawa. Na ce ta Iya Asabe tana da wani ƙamshi na mutanen da, wanda matan yanzu ba za su taɓa iyawa ba. Ta ce min to, Allah ya sa mu dace. Ashe ni ake yi wa addu'ar.

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha huɗu. Tun da idonsa ya fara hazo, masu manyan riguna suka daina kawo masa aikin ɗinki. Ɗa bai tsaya musu ba, ka sani. Inna ce ta fara. Ni ke girki, ita ke miƙawa."

"Inna? Mahaifiyata?"

"Kana da wata?"

"Ina cikin gidan?"

"Kana ciki. Wani lokacin kana alwala a gindin turmin, sai mun jira ka gama."

Wani tsuntsu yana ta kuka a kan darbejiya. A Nassarawa in mutum ya yi shiru, shirun har amsa kuwwa yake.

"Da ciwon ajali ya kama ta," in ji Hajara, "ta kira ni ta ce, Hajara, katangar nan amana ce na bar miki. Kada kowa ya ji, har mijinki."

"Har ni? Me na yi?"

"Kana so ka ji yadda ta faɗa?"

"Faɗi."

"Ta ce Maharazu ba mugu ba ne. Amma in ya yi alheri sai ya nemi maroƙi."

Shekara tara da rasuwarta, amma sai da na waiga.

"Shi Malam ya sani?"

"Mutumin da ya ci tuwon gidanku tun ba a haife ka ba? Ya sani. Ya san mun san ya sani. Bai taɓa cewa an gode ba, mu ma ba mu taɓa cewa ga shi ba. Hular nan da yake aiko maka duk sallah, wadda kake cewa zarenta ya karkace, kana tsammanin don kyan kanka yake zama wata uku yana laluben ta?"

"To jama'ar lungu fa?"

"Babu wanda ya sani. Kullum ya fito da akushinsa a hannu kamar kowa, a buɗe nasa a farko, a yaba wa Iya Asabe. Kai ne ma shugaban masu yabon."

Nan fa na samo abin kare kaina, na riƙe shi da hannu biyu.

"To laifin wa? Da kin gaya min kafin mu tashi, da na san abin yi."

"Na ce maka mu ƙara wata ɗaya. Ka ce matan unguwa nake ji."

"Wannan ai..."

"Na ce ka sa ƙanwarka Ma'u da mijinta a gidan, don ita zan iya bar wa turmin. Ka ce ɗan kwangila ya riga ya kama haya, zai ajiye siminti a ciki. Siminti yana miƙa tuwo?"

"Ai ba ki ce..."

"Da muka zo nan na ce ka riƙa ba ni Malam Sule da yamma. Me ka ce?"

Na san abin da na ce. Na ma maimaita shi a ofis aka yi dariya.

"Ka ce motar gwamnati ba ta tallan tuwo."

"Da kin fito fili."

"In fito fili in ci amanar Inna, ko in yi shiru in bar tsoho? Wata huɗu ina tsakanin nan. Duk Juma'ar da na je gaisuwa ina ɓoye gari a ƙarƙashin zannuwa. Amma amosani ya cinye hannun Iya Asabe, ba ta iya tuƙi. Kunu kawai take iya damawa. Za a fita ciyayya da kunu?"

"Sai ki roƙi wata a lungun."

"Duk wadda na roƙa na tona. Kuma katangar wa ta haɗu da tasu in ba tamu ba? Sai an ratso da kwano ta gaban mutane."

Na miƙe, don kujerar ta fara cin mutuncina, kuma wanda ba shi da hujja gara ya yi tsawo.

"Hajara, don ku na yi ƙaurar nan. Ki dubi iska. Ki dubi makarantar yara, taku kaɗan. Babu kwata, babu sauro."

"Ban ce gidan ba shi da kyau ba. 'Yarmu Luba ta daina tari. Ruwa ba ya yankewa. Na gode Allah, na gode maka." Ta nuna shingen da ke bayanmu da haɓa. "Wa ke can?"

"Wani babban mutum ne."

"Sunansa?"

Na kusa karanta mata lambar mota.

"Wata huɗu ya zauna a ɗaki don kada a gan shi hannu biyu babu akushi," ta ce. "Mutane suna cewa jiki ne, tsufa ne. Ya yarda a ce masa mara lafiya. Abin da ya rage masa ke nan. Yau ka aika da hon."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na ji sauƙi, don na iya faɗa. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe, ni kuma na tsaya a kanta kamar wanda aka aiko ya manta saƙon.

A gidan nan akwai teburin cin abinci mai kujera goma sha biyu. Kullum ni kaɗai nake zama a kansa, da cokali, ina jin ƙarar taunata. Na sha gaya wa kaina wannan shi ne ci gaba. Ban taɓa tambayar me ya sa tun da muka zo ban ƙoshi ba.

"Tuƙa tuwo," na ce.

"Na dare?"

"Kwano biyu. Yau a lungu zan ci."

Ta ajiye rariyar.

"In za ka je, da sharaɗi."

"Ina ji."

"Mota ba za ta kusanci lungun ba. Ni zan riga ka shiga, kamar na je gai da Iya Asabe, kwano ɗaya a ƙarƙashin mayafina. In Allah ya sa ya karɓa, ta juye masa, ya fito kamar da. Mutane su ga akushi cike, su ce ashe da gaske kuskuren gida aka yi."

"Ni fa?"

"Kai ka zauna ka ci ka tashi. Kada ka ba da haƙuri a gaban mutane. Kada ka yi bayani. Kada ka yi jawabi."

"Ni yaro ne?"

"Yaro ai ana ce masa yi shiru ya yi. Ka sa hular da ya ɗinka maka."

Na sosa ƙeya.

"Ina take?" in ji ta.

"Na ba mai kula da lambu."

"Duka?"

"Ai yana shiga rana."

Ta juya ta fara hura wuta. Hayaƙin ne ya sa take share ido, haka na zaɓi in ɗauka.

*

Muka bar Sule da mota can nesa, bayan mun shige Ƙofar Nassarawa da kaɗan, muka taka. Hajara a gaba, ni a baya da tazara, rungume da kwano a ɗaure cikin tsumma. Babban jami'in gwamnati, mai sa hannu takarda ta zama doka, yana tsallake kwata yana kare miya kada ta zube a riga. Na gamu da masinjan ofishinmu a kan keke. Ya dube ni, ya dubi kwanon, ya yi min alherin da ban yi wa Malam ba: ya kau da kai ya wuce.

Na tarar an ta da salla a masallacin lungu, na bi sahun baya. Malam Lawan yana sahun gaba. Daga baya ma ana ganin yadda rigar ta yi masa yawa. Ana sallamewa ya ɗauki sandarsa ya fita ta ƙofar gefe.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa kamar kullum. Buzunsa yana jingine da bango, an shimfiɗa shi, babu kowa a kai. Tsohon gidanmu yana gefe da ƙaton kwaɗo, ƙurar siminti ta yi wa dokin ƙofa fari.

Jibrin ne ya fara gani na.

"A'a, mutanen Turai. Yau ba a ci da cokali?"

"An ce a can in za ka gai da maƙwabci sai ka rubuta takarda," in ji wanzami.

"Sai sakatare ya duba ko akwai fili," wani ya ƙara.

Aka yi dariya, aka matsa min wuri. Aka tambaye ni yara, aka tambaye ni aiki, aka tambaye ni ko da gaske ne bayan gidan namu a cikin ɗakin kwana yake. Babu wanda ya ambaci shinkafa. Rashin ambaton ya fi hon ɗin ƙara.

Jibrin ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa, ya rage murya.

"Na ce maka ya rame. Ban ce ka yi shela ba."

"Ku da kuke kusa me kuka yi?"

"Mun ɗauka ciwo ne. Har sassaƙe na kai masa. Sai yau muka ji yunwa ce, daga bakin direbanka. Amma wasu sun ce ba haka ba ne, gidan da ake miya irin ta Iya Asabe ba a yunwa. Ana ta gardama tun azahar."

"Kai me ka ce?"

"Na ce ka saba shirme tun muna makarantar allo."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. Ashe da sauran rufin asiri. In dai akushi ya fito cike, ni ne mahaukacin, shi kuma Malam yana nan a Malam. Na yarda da wannan ciniki.

Kwanuka tara a tsakiyar tabarma, babu wanda ya taɓa nasa. Jibrin ya ce haka suke yi kullum, su ɗan jira, in bai fito ba liman ya ce bismillah.

Liman ya gyara murya ke nan muka ji ƙarar sanda daga cikin zaure.

Malam Lawan ya fito. Rigar Juma'a, rawani, sanda a hammata. Baƙin akushin nan a hannu biyu, an rufe da faifai.

A raina na ce Allah ya yi wa Hajara albarka, gobe da kaina zan je in ƙwato hulunan nan.

"Malam, barka da fitowa."

"Jiki ya yi sauƙi ke nan."

"Alhamdu lillahi," ya ce.

Ya zauna a buzunsa a hankali, akushin a cinyarsa. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, kowa da sunansa, kowa da tambayar da ta dace da gidansa. Ya zo kaina.

"Alhaji, an zo lafiya? Ya mutanen Nassarawa?"

"Baba, Maharazu ne."

"Na gane murya."

Na buɗe baki. Na tuna sharaɗi. Na rufe.

"Wata huɗu ban fito ba," ya ce, ba da ni yake ba, da kowa yake. "Na ji ana ta tambaya. Yau kuma an kawo amsa daga waje, har ta raba kan mutane. Na ga bai kamata maƙwabta su kwana suna gardama a kaina ba."

Babu wanda ya motsa.

Ya ɗaga akushin daga cinyarsa. Maimakon ya ajiye a tsakiya inda ya saba, sai ya miƙo shi ta wajena. Na sa hannu biyu na karɓa.

Shekara goma sha huɗu ina karɓar akushin nan in gyara masa zama. Kullum sai na yi sauri, don zafin tuwo yana ratso itacen.

Yau sanyi ƙalau.

Na ɗaga kai. Can cikin zaure, inda hasken fitila bai kai sosai ba, Hajara tana tsaye. Kwanon yana hannunta, a ɗaure, yadda ta shiga da shi.

"Yau muna da baƙo," in ji Malam Lawan. "Shi zai buɗe."

Mutum tara suka zuba wa hannuna ido.

"Baba..."

"Bismillah, Alhaji. Mutane na jira."